Abin da tsatsa ta ɓoye a motar Baba

A Agege aka yanke cibiyata, a nan kuma nake zaune da iyalina har yau. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, bafataken goro ne. Yana saurayi ya sauko daga Kano a jirgin ƙasa, ya sauka Zangon Agege kamar yadda Hausawa da yawa suka yi kafin shi. Ya fara da dakon huhun goro, har Allah ya buɗa masa ya zama shi ake yi wa dako. Da ya rasu ya bar gida da rumfa da mota ɗaya. Ranar rabon gado na roƙi 'yan'uwana su saka motar a cikin kasona, suka amince ba tare da gardama ba.

Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, fara tas, haɗin Kaduna. Tun 1968 aka fara ƙera irinta a Faransa, sannan masana'antar da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi ta haɗa ta har cikin shekarun 2000. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san matsayinta. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar ɗan kasuwar da ya fara kama ƙasa, doguwarta kuma ita ke kwasar fasinja daga Ikko zuwa Arewa ta Jebba da Mokwa. Tamu gajeriya ce mai ƙofa huɗu. Har yau in rana ta buga ta na buɗe ƙofa, ina jin ƙamshin goro da turaren da Baba ke shafawa.

Abin da na fi tunawa game da tuƙinsa shi ne hannunsa. In ina zaune a gaba kusa da shi ya taka birki da ƙarfi, kafin ma motar ta tsaya hannunsa na dama ya riga ya tare ƙirjina. Haka yake yi wa kowane ɗa da ya zauna a wurin, haka yake yi wa Hajiya mahaifiyarmu. Ban taɓa jin tsoro a motar ba, domin a raina wannan hannun ya isa ya tare komai.

Bel kuwa akwai shi a kujerun gaba guda biyu, irin na da, wanda ba ya naɗe kansa. Sai ka ja shi da hannu ka daidaita tsawonsa da jikinka, in ka cire ka rataye shi a maƙali, in ka manta ya faɗi ƙasa ƙofa ta datse shi. A baya babu ko ɗaya. Baba bai taɓa ƙaunarsa ba, yana cewa yana yamutsa masa babbar riga kafin ya isa masallaci. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel daga ranar 1 ga Janairun 2003. Daga nan sai ya koyi abin da direbobin Legas da yawa suka koya: in ya hango jami'ai a gaba ya jawo bel ya yafa a kafaɗa, in ya wuce ya sake shi. Na gaji motar, na kuma gaji wannan ɗabi'ar tare da ita. Ina wanke ta duk Juma'a, ina canza mata baƙin mai a kan lokaci, ina goge bambarta har sai ta ɗauki ido. Bel ɗin kuwa ban taɓa tsayawa na dube shi ba ko sau ɗaya.

Wata Asabar ce cikin damina. Mun je suna Idi Araba, muna dawowa bayan la'asar, ni da maiɗakina da 'yarmu ƙarama, wadda muke kira Ummi saboda sunan Hajiya take da shi. Shekarunta bakwai a lokacin. An yi ruwa an ɗauke, kwalta tana sheƙi. Mun wuce Oshodi mun kama hanyar Agege, hanya ta ɗan buɗe, ba na jin gudun da nake yi ya kai hamsin. Ummi tana tsaye a baya, ta saƙalo kai tsakanin kujerunmu tana ba mu labarin jaririn da aka yi wa suna. Maiɗakina ta ɗaura bel, domin ita mai kiyaye wannan ce, amma a sake yake, tunda wanda ya zauna wurin kafin ita mutum ne mai jiki kuma babu wanda ya rage tsawon. Ni nawa yana rataye.

Wata danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, da ke gabana ta tsaya cak a tsakiyar hanya don ɗaukar fasinja. Na taka birki, tayoyi suka kafe, motar ta ci gaba da sulɓi a kan ruwa. Na ji hannuna na dama ya miƙe da kansa, kamar na Baba. Bai tare komai ba. Ummi ta wuce ta gefensa kamar an jefa ta, goshinta ya bugi dashbod, kafaɗarta ta bugi sandar giya. Na ji wata ƙara daga ƙasan ƙofar maiɗakina kamar an ɓare gwangwani, sai ga fuskarta a jikin dashbod ita ma. Ƙirjina ya daki sitiyari har numfashina ya ɗauke na ɗan lokaci.

Ba zan iya faɗin yadda muka isa asibiti daki-daki ba. Na dai tuna wani mai keke Napep ne ya kwashe mu, na tuna jinin goshin Ummi a jikin farar shaddata, na kuma tuna ba ta yi kuka ba sai da muka kusa isa. Wannan shirun nata ya fi kukan tayar mini da hankali. An yi mata ɗinki a goshi, hoto ya nuna ƙashin da ke tsakanin wuyanta da kafaɗa ya karye. Maiɗakina leɓenta ya fashe, haƙori ɗaya ya gutsure, wuyan hannunta ya gurɗe. Likitar da ta duba su ta tambaye ni ko yarinyar tana cikin bel. Na ce motar ba ta da bel a baya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce mini karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato saman bene mai hawa uku, kuma babu hannun da zai iya riƙe yaro a irin wannan lokacin, ko na uwa ko na uba. Ta ci gaba da rubutunta. Ni kuwa na fita baranda na zauna a ƙasa.

'Yan dubiya sun yi ta zuwa, Allah ya saka musu. Kowa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya kiyaye gaba, na ce amin. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ban taɓa shakka a kan haka ba. Amma kwana biyu bayan nan da na je inda aka ja motar aka ajiye, na buɗe ƙofar gefen maiɗakina, na ga abin da ya hana ni barci makonni. Bel ɗin bai tsinke ba. Makullinsa ma bai buɗe ba. Ƙusar da ke riƙe ƙarshensa a dokin ƙofa ce ta tumɓuke gaba ɗaya, ta fito da guntun ƙarfen motar a jikinta, ja jawur, yana ɓarɓashi a hannu kamar ƙanzon tukunya. Shekara nawa wannan ƙusar tana zaune a cikin tsatsa, kafet ya rufe ta, ni ina can ina goge bamba? Da ranar na ɗaga kafet ɗin nan sau ɗaya da na gani.

Da farko na yi niyyar sayar da motar. Maiɗakina ce ta hana. Tana kwance da leɓe a kumbure ta ce, "Abban Ummi, motar ba ta yi laifi ba. Ka gyara abin da ya kamata a gyara." Da na gaya wa yayana cewa zan yanke ƙarfe in huda jikin motar in saka sabon bel gaba da baya, ransa bai so ba. Ya ce, "Kai ma ka san darajar irin wannan mota a bar ta yadda take. Yadda Baba ya bar ta, haka ya kamata jikokinsa su gan ta." Na fahimce shi sarai, domin ni ma shekaru na yi ina ƙin canza ko rediyon cikinta. Na ce, "Yaya, jikar Baba tana can da hannu a rataye." Ya yi shiru, bai ce na yi ba, bai ce kada in yi ba.

Aka haɗa ni da wani dattijo Bayarabe mai gyaran bodi, gashinsa duk furfura, wanda ya yi shekaru a Kaduna yana aikin Fijo har Hausa ta zauna a bakinsa. Ranar farko bai ko kalli gaban motar da ya lotse ba. Ya sa yaransa suka cire kujerun duka, suka yaye kafet, ya ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma ya tsuguna. Inda ƙarfe ke da rai sai ka ji ƙara mai kaifi. Inda ya mutu sai ka ji buf, wani wurin ma sukundireba ta shige har ƙasa ta leƙo. Ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Dokin ƙofa na ɓangaren direba, inda tawa ƙusar take, bai fi na ɗayan ɓangaren lafiya ba. Da na ɗaura bel ranar, da shi ma haka zai yi.

Ya bayyana mini dalili, kuma duk mai tsohuwar mota a garin nan ya kamata ya ji. Motar da ta tsufa a Kano rana ce ke cin fentinta da robobinta, amma ƙarfenta yana daɗewa. A Legas kuwa iska tana ɗauke da danshi da gishirin teku, kuma duk damina muna kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a hanya. Dokin ƙofa kamar bututu yake, yana da ƙananan ramuka a ƙasa da ruwa ke fita. In taɓo ya toshe su, ruwa ya zauna a ciki, sai tsatsa ta fara ci daga ciki zuwa waje. Kana ganin fenti lafiya lau, ciki kuwa ya zama gari. Ya ce sabon bel a jikin ruɓaɓɓen ƙarfe ya fi rashin bel haɗari, domin mutum zai saki jiki yana zaton a ɗaure yake.

Aikin ƙarfe shi ya fi cin lokaci. Ya yanke duk inda ya ruɓe har sai da ya kai ga ƙarfe mai haske, ya yi waldar sabo, ya shafe ciki da waje da maganin tsatsa. A kowane wurin da ƙusar bel za ta shiga ya sa faranti na ƙarfe mai kauri ta baya, da noti a manne a jikinsa. Na ga yana goge kusurwoyin farantin da gurza har suka yi zagaye, na tambaye shi ko don ado ne. Ya ce in aka bar kusurwa da tsini, ranar da aka fizgi bel da ƙarfi ita za ta yanka ƙarfen motar kamar wuƙar buɗe gwangwani. Faɗin farantin kuma shi ke raba nauyin, maimakon ya taru a kan noti ɗaya. Ƙusoshin ma bai yarda da kowace iri ba. Akwai girman da aka saba amfani da shi wajen bel a motoci da yawa, 7/16 na inci mai siririn zare, na ƙarfe mai tauri. Wani yaronsa ya kawo wata ƙusa da ya tsinta a akwatin kayan aiki ya ce ai za ta shiga, dattijon ya karɓa ya jefa ta cikin bokiti bai ce komai ba.

Sai maganar bel ɗin kansa. Mun shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin tare, inda in ka yi haƙuri za ka sami kayan kusan kowace mota da ta taɓa taka ƙasar nan. Bel na tokumbo tuli guda, an cire daga motocin da aka farfasa a Turai, kuma da araha. Ni da na je ni kaɗai da na sayi na farko da aka miƙo mini. Dattijon kuwa sai ya zaro kowanne har ƙarshe, ya bi shi da yatsu kamar mai duba yadi. Yana neman inda gefe ya fara tsefewa, inda rana ta kodar da launi har zaren ya bushe, da inda ya yi wani sheƙi kamar an ɗora masa dutsen guga. Wannan sheƙin, in ji shi, alama ce ta cewa bel ɗin ya riga ya riƙe mutum a haɗari, zafin gogayya ya narkar da saman zaren. Zaren bel an saƙa shi ne ya ɗan miƙe a lokacin karo don ya rage wa jiki zafin fizga, kuma sau ɗaya yake wannan aikin. Wanda ya riga ya miƙe ya gama nasa. Matsalar ita ce ba kullum ake ganin alamar ba, kuma mai sayarwa shi ma bai ga motar da aka ciro shi ba.

Wani ɗan kasuwa ya kawo mana wasu masu kyau ƙwarai, daga mota ta zamani, da waya a jikin rolar da ke naɗe su. Na so su. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce irin waɗannan akwai ɗan abin fashewa a ciki, wanda kwamfutar mota ke tayarwa a daidai lokacin karo don ya tsuke bel ɗin. Fijo ba ta da wannan kwamfuta, kuma ba abu ne da ake wasa da shi kusa da wutar walda ba. Muka fito kasuwar hannu rabbana. A ƙarshe wani ɗan ƙanwata da ke harkar shigo da kaya ya yi mana odar sababbi fil, irin waɗanda ake yi don tsofaffin motoci, kowanne da ɗan ƙyallen shaida ɗinke a ƙarshensa mai harafin E a cikin da'ira, alamar ya cika ƙa'idar gwajin da ake bi a Turai. Mun jira makonni. Kuɗin da na daɗe ina tarawa don yi wa motar sabon fenti, a nan suka tafi, har na ƙara da wasu.

Ɗan ƙanwar tawa ne ya ba ni labarin asalin wannan bel mai maƙali uku, ranar da ya kawo kayan. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya tsara shi a kamfanin Volvo, aka fara saka shi a motocinsu a 1959. Kafin nan ya yi aiki a kan kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje. Dabararsa ita ce zare ɗaya ya ratsa ƙirji ya kuma ratsa ƙugu, makulli ya zauna a gefe kusa da kwatangwalo, a iya ɗaurawa da hannu ɗaya. Kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da tsarin ba tare da biya ba. Na jinjina wannan sosai. Mu 'yan kasuwa ne, mun san abin da ake nufi da mutum ya riƙe abin da kowa ke buƙata sannan ya sake shi kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na iya rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi.

Ranar da aka fara ɗaura rolar gefen direba, bel ya ƙi fitowa. Ka ja a hankali ya ƙi, ka ja da ƙarfi ya ƙi. Gabana ya faɗi, na ɗauka an sayar mana da lalatacce. Dattijon ya kwance rolar, ya riƙe ta a tsaye a tafin hannunsa, ya ja, sai ga zare yana fitowa sumul. Ya ɗan karkatar da ita, ta kulle. A cikinta akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe zaune a cikin ɗan kwano. In mota ta tsaya ba zato, ko ta karkata, ƙwallon ya gangara ya tura wani ɗan harshe, harshen ya kama haƙoran rolar. Akwai kuma kulle na biyu da ke kamawa in an fizgi zaren da sauri. Saboda haka dole rola ta zauna a daidai kusurwar da aka ƙera ta dominta. Wurin da muka ɗaura ta ya ɗan kwanta kaɗan, ƙwallon yana ganin kamar kullum motar a cikin haɗari take. Ya sake gyara mazaunin, ya duba da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, sannan ta yi daidai.

Kujerar baya ta fi ba shi aiki, tunda a tamu motar babu wani wuri da aka tanada. Ya ƙarfafa ƙarfen da ke bayan kujera, ƙarƙashin gilashin baya, ya zaunar da rola biyu a can, ɗaya dama ɗaya hagu, ya sa na ƙugu kaɗai a tsakiya. Ya sa na kawo babban ɗana ya zauna ana aunawa. Ya ce maƙalin sama kada ya sauka ƙasa da kafaɗa, in ba haka ba a lokacin karo bel zai danne mutum ƙasa ya matse ƙashin baya. Na ƙugu kuma ya kwanta a kan ƙashin kwatangwalo, kada ya hau ciki, domin ƙashi na iya ɗaukar fizgar da hanji ba zai iya ba. Wannan ya maimaita mini har sau uku, ya ce in gaya wa matan gida, musamman mai juna biyu: na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki, na sama ya bi ta tsakiyar ƙirji.

Ummi kuwa ko da aka gama, bel ɗin manya a wuyanta yake sauka. Sai da na sayo mata ɗan matashin kujera mai tauri da ake yi don yara, wanda ke ɗaga su har bel ya sauka a kafaɗa. A Ingila doka ce yaro ya zauna a irin wannan har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Na auna ta a jikin bangon ɗaki, na ja layi da alli a inda za ta kai kafin a cire mata shi. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta je ta tsaya a wurin.

Abin da ban yi zato ba shi ne daɗin zama. Na daɗe ina ganin bel takura ce, ashe tsohon ne takura. In ka ɗaure shi yadda ya kamata ba ka iya miƙa hannu ka buɗe akwatin dashbod, in ka sassauta shi kuma ba ya da amfani, shi ya sa kowa ke barinsa a sake. Sabon yana bin jikinka. Ka sunkuya ya biyo ka, ka koma ya koma. Wanda ya taɓa shafe awa biyu a gosulo a kan gadar Third Mainland, tsawon kusan kilomita 12, ga zafi ga hayaƙi, shi zai gane bambancin. Maganar babbar riga kuma na samo mata hanya: in naɗe hannuwan a kafaɗa tukuna, in gyara gaban rigar, sannan in ja bel a kai. Shadda tana ɗan yamutsewa, ba zan ce ba ta yi ba. In na sauka na kakkaɓe ta da hannu na shiga masallaci, babu wanda ya taɓa lura.

Ba na yaudarar kaina cewa motar ta zama ta zamani. Ba ta da jakar iska, birkinta ba irin wanda ke hana taya kafewa ba ne, kuma jikinta ƙirar shekarun baya ne. Na canza tayoyi huɗun, aka sake duba birki gaba ɗaya. Na daina bin danfo a kusa. In ruwa ya sauko ina rage gudu ko da na baya zai fasa mini kunne da ham. Duk ƙarshen damina kuma ina yaye kafet da kaina in duba wuraren nan, in zura waya in buɗe ramukan dokin ƙofa. Abokaina biyu masu tsofaffin motoci, ɗaya Marsandi ɗaya Fijo irin tawa, na matsa musu har suka ɗaga nasu kafet. Ɗaya ya samu lafiya. Ɗayan ya kira ni da daddare muryarsa a sanyaye, ya ce in ba shi kwatancen garejin dattijon.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce Hajiya. Ta ce ta yi shekaru tana shiga motar nan tun ina goye, babu wanda ya taɓa ɗaure ta kamar akuya. Ta ce yana danne mata ƙirji, yana jan mayafinta. Ba na iya yi mata musu, ba a haka aka rene mu ba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, don Allah ki gwada ko sau ɗaya." Ta ce, "Ja motarka mu tafi, Allah ne mai tsarewa." Na ja, amma a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, raina ba daɗi har muka dawo.

Tsohon bel ɗin ban jefar ba. Na wanke guda biyun, na naɗe, na kai wa yayana. Na haɗa masa da ƙusar nan da guntun ƙarfen da ta fito da shi. Ya juya ta a hannunsa, tsatsar tana zuba a kan rigarsa, ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "A kan wannan muka yi ta zuwa Kano?" Na ce a kansa. Ya tashi ya buɗe adakar Baba, inda hularsa da carbinsa suke, ya saka bel ɗin a ciki. Ƙusar kuwa ya mayar mini, ya ce in ajiye a mota in riƙa nuna wa mutane. Tana cikin akwatin dashbod har yanzu, a ƙulle cikin leda.

Da Babbar Sallah ta zo muka shirya tafiya Idi. Ni da babban ɗana a gaba, maiɗakina da Hajiya da Ummi a baya. Hannun Ummi ya warke, sai tabon goshi da ɗankwali ke rufewa. Na saba yanzu ba na tayar da mota sai na ji ƙarar makulli ta kowa. Na ji uku, da nawa huɗu, na tsaya ina kallon madubi ban ce komai ba. Ummi ta miƙa hannu ta jawo bel ɗin Hajiya, ta ce, "Takwara, ɗaga hannunki." Hajiya ta dube ta, ta dubi tabon da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Ta ɗaga hannu. Ummi ta ratsa mata shi, ta gyara mayafin kada ya maƙale, ta laluba makulli ta danna har ya ce ƙas. Hajiya ta gyara zama ta ce, "To, bismillah, kada mu rasa sallah."

Na murɗa makulli, muka fita layi.